Bencin baya: yadda wata ikilisiya a Katsina ta rasa matasanta da yadda ta nemo su

Wannan nazari ya shafi wata ikilisiya da ke wajen ganuwar birnin Katsina, wadda ba zan ambaci sunanta ko ɗarikarta ba. Na dogara ne da littafin rajista, da bayanan zaman dattawa, da abin da na gani da idona a shekarun da na riƙe littafin magatakarda. Matasan da ake magana a kai su ne waɗanda suka gama sakandare amma ba su yi aure ba, wato daga shekara 18 zuwa wajen 30.

Yadda aka sami ikilisiyar kafin 2019

Kiristancin ƙasar Katsina yana da jijiya biyu, kuma dukansu suna cikin wannan majami'a. Ta farko ita ce ta Hausawan karkara, musamman na yankin Malumfashi da Kafur da Matazu, waɗanda bishara ta iske kakanninsu ta hannun 'yan mishan. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta sami gindin zama kusa da birni ne ta hanyar jinyar kutare a Babbar Ruga tun shekarun 1930, a zamanin da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga a 1932, ya fara shiga hannun mutane. Jijiya ta biyu ita ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga wasu jihohi, waɗanda suka ƙaru sosai bayan an kafa Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987. Saboda haka ake sujada biyu kowace Lahadi: ta Turanci da ƙarfe 7 na safe, ta Hausa da ƙarfe 9:30.

Tsarin ƙungiyoyin ikilisiyar irin wanda aka sani ne. Yaro yakan fara daga Makarantar Lahadi, ya shiga Birged, wato ƙungiyar yara masu kaki da fareti, daga nan sai Zumuntar Matasa. Ranar da aka ɗaura masa aure sai ya koma Zumuntar Maza, ita kuma amarya a ɗinka mata zanen Zumuntar Mata. Ita Zumuntar Matasa ta haɗa ɗan shekara 13 da ke aji biyu na ƙaramar sakandare da malamar asibiti 'yar shekara 28 a ɗaki ɗaya, kan darasi ɗaya, ranar Laraba da ƙarfe 4 na yamma. Akwai dattijo guda da ake kira mai ba da shawara, wanda kuɗin ƙungiyar da makullin ɗakin ajiyarta suke hannunsa.

Manyan matasa sukan zauna a benci 6 na baya ta hannun hagu, kowane benci yana ɗaukar mutum 8. A farkon 2019 waɗannan benci sukan cika a sujadar Hausa, har a ƙara kujerun roba. Da su za a auna abin da ya biyo baya.

2019 zuwa 2020: raguwa da kulle

Tun kafin annobar korona an fara ganin gurbi. A Kirsimetin 2019 benci 4 ne suka cika, aka ɗauka tafiya gida ce ta biki, kamar kowace shekara. A ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin jiha ta hana tarukan jama'a, har da na masallatai da majami'u, aka kuma rufe makarantu. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya suka koma garuruwansu. Da aka dawo sujada, tsofaffi da mata da yara ƙanana sun dawo kusan dukansu, amma bencin baya bai wuce 2 ba, kuma ko bayan an buɗe makarantu bai ƙaru ba.

Bayanin zaman dattawa na wancan lokaci ya rubuta dalili a layi ɗaya: sanyin ruhaniya da son abin duniya. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka daina zuwa ba.

2021: kayan kiɗa, farkaswa da addu'ar dare

Matakin farko shi ne sayen kayan kiɗa, domin an lura cewa wasu matasan sun koma sababbin majami'u masu amo da ke hanyar Dutsin-Ma da wasu unguwanni. Aka yi baiko na musamman, wato tara kuɗi a majami'a, har Lahadi uku, aka sayo kibod da jita da ganguna da lasifika biyu. Makonnin farko an ga sababbin fuskoki. Sai dai kayan suna kulle a ɗakin ajiya, makulli kuma yana wurin mai ba da shawara, wanda ma'aikacin gwamnati ne da ba ya dawowa gida sai yamma. Sau da yawa matasa sukan zo gwaji su yi zaman jira a gindin darbejiya har magariba, su watse. Kafin Ista an koma ganga da kacau-kacau na Zumuntar Mata, kibod kuma yana cikin ledarsa.

Mataki na biyu shi ne taron farkaswa na kwana uku, da baƙon mai wa'azi daga wata jiha. Majami'a ta cika, mutane da dama suka fito gaba aka yi musu addu'a, aka rubuta sunayensu a takarda. Ba a ɗora wa kowa alhakin bin sawunsu ba, takardar kuma na same ta bayan shekara guda a cikin akwatin littattafan waƙa. A daren ƙarshe mai wa'azin ya daɗe a kan tufafin 'yan mata da wayar hannu, abin da wasu iyaye suka yaba, waɗanda ake nufi da maganar kuma suka haɗiye suka tafi da ita gida.

Na uku shi ne addu'ar dare ta wata-wata, daga ƙarfe 10 zuwa asuba. Wannan ta zo a mummunan lokaci. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar matakan tsaro, wadda a cikinta aka ƙarfafa hana zirga-zirgar acaɓa da Keke Napep a babban birnin jiha daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Malumfashi da Ƙanƙara da Dutsin-Ma da Funtuwa. Wanda ba shi da abin hawa ba ya iya zuwa, ba ya iya komawa, kuma iyayen da ke ƙauye, waɗanda ba su jin muryar 'ya'yansu a waya, sun aiko da saƙon kada kowa ya kwana a waje. An yi addu'ar sau uku aka dakatar. Zauren WhatsApp da aka buɗe a daidai wannan lokaci ya zama wurin tura ayoyin safe da sanarwar rasuwa, ba mai amsawa.

Shekarar ta ƙare da benci 2, wani makon ɗaya da rabi.

Fabrairu zuwa Oktoba 2022: yajin aiki da horon sana'a

Ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗalibai suna zaune. Ikilisiya ta ga dama ta samu, ta shirya horon sana'a na mako biyu: haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren ɗaki. Mutum 31 suka rubuta suna, aka raba takardar shaida, aka ɗauki hoto. Bayan wata uku mutum biyu ne kawai ke haɗa sabulun, domin duk an koyi abu ɗaya, ana tallansa ga mutane ɗaya, a ƙofar majami'a ɗaya, ba jari kuma ba kasuwa.

Abin da ya sauya akalar lamarin ƙarami ne. A watan Yuli matar fasto, wadda kowa ke kira Mama, ta nemi a ba ta littafin rajista, ta ware sunaye 52 na manyan matasan da ba su bar gari ba. Ta ce ita da wani tsohon mai bishara da ya yi ritaya za su bi su ɗaya bayan ɗaya a wuraren aikinsu, kuma sharaɗinta shi ne ba za a yi wa kowa wa'azi ba. Dattawa sun yarda ne ba da wani ɗoki ba. Ziyarar ta ɗauki wata huɗu, aka sami ganin mutum 38.

Abin da ziyarar ta turo

Na raka su sau kaɗan. A wani shagon gyaran waya kusa da Babbar Kasuwa muka iske wani saurayi da ya taɓa zama shugaban mawaƙa, yana sunkuye kan buɗaɗɗiyar waya da ɗan ƙarfen narka dalma a hannu. Ya miƙe da sauri, ya share wa Mama benci da gefen rigarsa. Da ta tambaye shi ko lafiya ba a ganinsa, ya ce: “Mama, wallahi ba ƙi nake ba. Lahadi a nan ranar kasuwa ce kamar kowace rana. Hutun maigidana Juma'a ce, kuma Laraba ƙarfe huɗu lokacin ne ciniki ke tashi.” Wannan amsa ta maimaitu a bakin masu koyon walda da ɗinki da masu jiran shago da masu tuƙa Keke Napep na wani, waɗanda dole su kai balas kowace rana, har da Lahadi. An gina jadawalin ikilisiya ne a kan makon ma'aikacin gwamnati da ɗan makaranta, alhali mafi yawan matasanta sun koma cin abinci a kasuwa.

Amsar 'yan mata ta bambanta. Wata malamar makaranta mai zaman kanta, 'yar shekara 27, ta daɗe tana murza bakin gyalenta kafin ta yi magana. Ta ce ita ce ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta biyu, tana kuma fitar da zakkarta kowane wata, amma a majami'a har yanzu cikin yara ake lissafa ta, ana aiken ta ɗebo ruwa idan an yi baƙi. Ba ta da zanen Zumuntar Mata don ba ta da aure, kuma ba Lahadin da za ta fito ba a tare ta da tambayar yaushe za a sha biki ba. Mama ta ce mata, “Ɗiyata, ni ma na tambaye ki wannan tambaya, ko ba haka ba?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Sau biyu, Mama.”

Sai maganar harshe, wadda ba wanda ya zata. 'Ya'yan Hausawan karkara da suka yi karatu sun tsaya tsakiya. A sujadar Hausa suna jin an bar su da tsofaffi, a ta Turanci kuma ana yi wa harshensu dariya idan sun karanta nassi, har wasu kan tambaye su ko da gaske Bahaushe yana Kirista. Samari kuwa da yawa sun kawo batun aure: lefe da sadaki da kuɗin dangi da liyafa sun fi ƙarfin mai koyon sana'a, wanda kuma ya jinkirta sai a fara yi masa kallon wanda ke ɓoye wani abu. Cikin mutum 38, huɗu ne suka ce suna da shakka a kan bangaskiyar kanta, kuma ukunsu sun ce abin da ya fi damunsu shi ne ba su da wanda za su yi wa tambaya ba tare da an kai maganar gaban dattawa ba. Ba ko ɗaya da ya ambaci kibod.

Nuwamba 2022: zaman dattawa

An kai rahoton gaban dattawa a zama biyu. Muhawarar ta fi zafi a kan kuɗi da makulli. Mai ba da shawara, mutumin kirki da ya yi shekaru yana cike giɓin ƙungiyar daga aljihunsa, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma shi ya taɓa ganin yadda kuɗin taron matasa ya salwanta. Tsohon mai bisharar ya buɗe Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayen masu jin Helenanci, wato harshen Girka, wajen rabon abinci, manzanni kuma suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin. Ya ce abin lura shi ne dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, wato an ba masu kukan ne ragamar gyara. Aka amince da gwaji na shekara ɗaya, da rinjaye kaɗan.

2023: abin da aka sauya

An raba zumuntar gida biyu, 'yan sakandare daban, manyan matasa daban. Taron manyan ya koma Juma'a da ƙarfe 1:30 na rana, lokacin da ake rufe shaguna don sallar Juma'a, ana tashi kafin ƙarfe 3. Makon farko mutum 9 suka zo, wasu da man inji a hannu. Kafin damina ta faɗi sun kai 20. Ba a wa'azi a wannan taro, nassi ake karantawa a zagaye a tattauna, akwai kuma kwali da ake jefa tambaya ba suna, fasto ya amsa sau ɗaya a wata.

An ba su littafin kuɗinsu da makullin ɗakin ajiya, da sharaɗin mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, a kuma karanta lissafi gaban ikilisiya duk wata uku. Aka ba su kujera biyu a zaman dattawa, namiji da mace, suna magana amma ba su jefa ƙuri'a. Lahadin ƙarshen wata aka haɗe sujada biyun, matasan da ke jin harsunan biyu suka zama tafintoci, abin da ya mayar da tsayuwarsu a tsakiya ta zama aiki.

Maimakon horon mako biyu, aka rubuta sunayen 'yan ikilisiya masu sana'a: tela, mai haɗa wutar sola, mai ɗaura tayil, mai kemis. Mutum 7 aka haɗa da su a kan yarjejeniya rubutacciya ta wata 12 zuwa 18. Dattawa biyu kuma suka zagaya wurin iyayen gidan waɗanda ke koyo a waje, suka roƙi a riƙa sakin yaran da safiyar Lahadi. Mai shagon wayar nan, wani Alhaji, ya ce da an zo tun farko da an daɗe da gamawa, domin shi ba ya son yaron da ba ya ibada. Ba kowa ya amsa haka ba, biyu sun ƙi.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Adashin da matasan suka fara a Janairu ya ci karo da ƙarancin takardun kuɗi na sauyin naira, zubi ya tsaya a Fabrairu, wanda ya yi kwasar farko kuma ya tafi Abuja da bashin zagaye uku. Mai ba da shawara bai ce komai ba a zaman da ya biyo baya, shirunsa kuwa ya isa magana. Matasan sun karanta asarar da bakinsu gaban ikilisiya, suka biya ta daga aljihunsu cikin wata biyar. Haka kuma zaɓen farko ya ɗora wani mai yi wa ƙasa hidima a shugabanci saboda iya magana da tsari, da ya gama shekararsa ya tafi da komai a kansa, sai da aka sa doka cewa shugaba da ma'aji su zama mazauna gari. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya ninka, masu zuwa daga nesa suka ragu, sai aka buɗe ƙananan taruka biyu a gidajen 'yan ikilisiya da ke kusa da makarantu. Shawarar ɗaurin aure mai sauƙi bayan sujadar Lahadi ta sami karɓuwa a takarda, amma aure ɗaya kawai aka yi a haka, domin maganar lefe a hannun dangi take a ƙauye, ba a hannun dattawan birni ba.

2024: inda aka tsaya

A Nuwamba 2023 dattawa sun sabunta tsarin ba tare da muhawara ba. A tsakiyar 2024 benci 4 cikin 6 suna cika a yawancin Lahadi, taron Juma'a kuma yana tsakanin mutum 22 da 28. Cikin masu koyon sana'a 7, huɗu sun kammala, ɗaya ya buɗe shagonsa, biyu sun bari. Daga sunaye 52 na Mama, 14 sun bar gari zuwa Kano da Kaduna da Abuja neman aiki, 6 sun zauna a wasu majami'u, 5 ba su zuwa ko'ina. Kibod ɗin yana aiki, kuma saurayin shagon waya ne ke kaɗa shi.

Hukunci

A ganina matakan 2021 sun faɗi ne domin an sayi magani kafin a ga marar lafiya. Dukansu sun ɗauka matsalar tana cikin zuciyar matasa, alhali kaso mafi girma yana cikin jadawali da tsarin ikilisiyar kanta: lokacin taro da bai san kasuwa ba, da tsanin ƙungiyoyi da ba shi da matakin baligin da bai yi aure ba. Sauya rana zuwa Juma'a bai ci ko kwabo ba, kuma shi ya fi kawo mutane. Miƙa makulli da littafin kuɗi shi ya riƙe su, kuma asarar adashi, wadda ta yi kama da hujjar masu adawa, ita ce ta tabbatar da tsarin, tun da dattawa sun ga yadda aka ɗauki nauyinta.

Bai kamata a ba ikilisiyar dukan yabo ko dukan laifi ba. Komawar ɗalibai bayan Oktoba 2022 ta cike wani ɓangare na bencin ko da ba a yi komai ba, waɗanda suka tafi neman aiki kuma ba jadawalin da zai tsayar da su. Mai ba da shawara ma yana da gaskiyarsa, domin sharaɗin sa hannu biyu da karanta lissafi daga tsoronsa suka fito, kuma su suka ceci gwajin.

Inda gyaran bai kai ba shi ne wurin 'yan mata. Cikin waɗanda suka dawo, samari sun ninka su. Malamar nan tana zuwa taron Juma'a idan an tashi makaranta da wuri, ita ce ma ke zaune a ɗaya daga kujeru biyun na zaman dattawa, amma ba ta cika zuwa sujadar Lahadi ba. Ta gabatar da buƙatar a bar macen da ta kai shekara 25 ta shiga Zumuntar Mata ko ba ta da aure. Shugabannin zumuntar sun ce dokar ɗarika ce ba tasu ba, dattawa suka ce za a tura wa gundumar ɗarikar. Lokacin da na miƙa littafin magatakarda a Disamba 2024, maganar tana nan a jerin abubuwan da aka ɗage, karo na huɗu.